Cikin Jirgi Tsakanin Tsibiran Tabkin Cadi

Ƴan'uwa masu koyon karatu, maza da mata, darasinmu na yau na ruwa ne. Mu mutanen Damagaram mun san dutse, mun san rairayi, mun kuma san wahalar neman ruwan sha. Da yawa cikinmu ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Amma can gabas da mu akwai wani babban ruwa mai tsibirai da yawa, da tsuntsaye, da dorina, da kada. Sunansa Tabkin Cadi, kuma ƙasarmu Nijar tana da rabo a cikinsa. Yau za mu zagaya shi cikin takarda. Ku karanta sannu-sannu. In kalma ta yi gardama, ku tsaya, ku rarraba ta, ku sake.

Ina tabkin yake?

In ka tashi daga Damagaram ka bi kwalta ka yi gabas, za ka wuce Mirya, Gidimuni, Gure, Gudumariya da Maine Sorowa, sannan ka isa Difa. Daga Difa sai Ngigmi. Tafiyar duka wajen kilomita 600 ce. Tabkin yana gabas da Ngigmi da Boso. Ƙasa 4 ne suka yi tarayya a kansa: Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru.

To, daga ina ruwan yake zuwa? Mafi yawansa daga kudu ne. Kogin Shari yana tasowa daga ƙasar Afirka ta Tsakiya. A Njamena kogin Logon ya haɗu da shi. Su biyun nan su ke kawo wajen kashi 9 cikin 10 na ruwan da koguna ke zuba wa tabkin. Ta wajenmu kuma akwai Komadugu Yobe. Ruwansa daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos yake fitowa, ya bi ta Haɗeja da Jama'are, ya zo ya raba Nijar da Najeriya, ya faɗa tabki kusa da Boso.

Ruwan kudu yana daɗewa a hanya. Shi ya sa tabkin ba da damana yake cika ba. Sai da ɗari, wajen Disamba da Janairu, lokacin da mu nan muka riga muka kai hatsi rumbu.

Tabkin ba shi da zurfi. A wurare da yawa mai tuƙi yana kafa gora a ƙasa ya tura jirgi. Ga wani abin mamaki kuma: babu kogin da ke fita daga cikinsa zuwa teku, amma ruwan bai zama na gishiri ba. Dalili shi ne, wani ruwan yana tsotsewa ƙarƙashin ƙasa, ya tafi da gishirin. A kwarurrukan Kanem ruwan nan yakan bushe ya bar kanwa.

Yadda tsibiran suka samu

Tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Wanda ya taɓa bin hanyar Gudumariya ya ga tuddan rairayi, tudu bayan tudu, da kwari a tsakaninsu. To, ku ɗauka ruwa ya zo ya cika kwarurrukan nan. Me zai rage? Kan tuddan kaɗai. Haka ɗaruruwan tsibiran arewa da gabashin tabkin suka samu.

Don haka tsibiran ba sa zama yadda suke kullum. In ruwa ya ƙaru, ƙanana su nutse. In ya ragu, biyu ko uku su haɗe su zama ɗaya.

Akwai kuma tsibiri mai tafiya. Wannan ciyawa ce ta sarƙe da saiwoyinta, ta yi kauri, tana yawo bisa ruwa. Iska ke kora ta. Hanyar da ka bi da safe a buɗe, da marece sai ka iske ta toshe. Baƙo ba ya shiga nan shi kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari.

Jirgin da ya hau raƙumi

A shekarar 1850 wasu Turawa 3 suka taso daga Tarabulus. Gwamnatin Ingila ce ta aiko su. Shugabansu Richardson, mutumin Ingila. Sauran biyun Jamusawa ne. Ɗaya Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Ɗayan ana rubuta sunansa Overweg, ana faɗinsa kamar Ofabek.

Cikin kayansu akwai jirgin ruwa na katako. An raba shi gida 4, aka ɗora wa raƙuma. Ku duba fa, jirgin ruwa a tsakiyar Sahara, inda ko na sha sai an yi kwanaki kafin a samu! Haka suka ratsa Gat da Abzin har suka sauko Damargu.

A Damargu suka rabu, farkon shekarar 1851. Barth ya nufi Katsina da Kano. Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir. Richardson ya shigo nan Damagaram cikin watan Janairu, zamanin Sarki Ibrahim, ya yi ƴan makonni. A lokacin Damagaram tana kai gaisuwa Barno. Sun yi alkawari su haɗu a Kukawa, birnin Shehu Umar, kusa da tabkin. Richardson bai kai ba. Ciwo ya kama shi a hanya, ya mutu cikin watan Maris.

Sauran biyun suka haɗu a Kukawa. Aka harhaɗa jirgin, aka sa shi ruwa. Da damanar 1851 Overweg ya shiga, ya yi fiye da wata guda yana bin tsibiri bayan tsibiri. Shi ne Bature na farko da ya yi haka. Mutanen bakin tabki suna shakkar mutanen tsibiri, don sukan kawo musu hari. Amma shi sun karɓe shi hannu biyu. Ya iske ruwan mai daɗi ne, ba shi da zurfi, tsibiran kuma cike da mutane da shanu.

Cikin watan Satumba na wannan shekara, Barth da Overweg suka bi bakin tabkin ta arewa za su Kanem. A hanya suka ga garken giwaye suna tafe zuwa ruwa, a jere kamar rundunar yaƙi. Barth ya ƙirga su: giwa 96. Ya rubuta.

Overweg ya mutu a watan Satumba na 1852, a ƙauyen Maduwari na bakin tabki, yana da shekara 30. Da aka duba takardunsa, sai aka ga rubutun gutsi-gutsi ne, a gurguje, da ƙyar ake karanta shi. Bai samu ya zauna ya gyara ba. Da yawa daga abin da ya gani ya tafi da shi kabari. Barth kuwa kullum yana gyara rubutunsa. Ya sake biyowa ta Damagaram a ƙarshen 1852, ya je Sakkwato da Tumbutu, ya koma gida a 1855. Ya fitar da labarin tafiyarsa cikin littafi 5. Ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Mu shiga jirgi

Yanzu mu ɗauka lokacin zaman lafiya ne, watan Janairu, ruwa ya iso ɓangaren Nijar. Muna Doro Lelewa, inda jiragen masunta kan tsaya. Jirginmu dogo ne na katako, da inji a bayansa. Da asuba ake tashi, don da sanyin safiya dabba ta fi motsi.

Da farko jirgi zai bi siririyar hanya cikin ciyawa. Ga kacalla, ga burgu, ga bado da farar furensa, ga kainuwa tana yawo. In mun shiga fili, sai mai jirgi ya kashe inji ya ɗauki gora. Ƙarar inji tana korar kowane abu mai rai. Da an yi tsit, sai ka ji ashe wurin cike yake da murya.

Tsuntsaye za mu fara gani. Wasu mun san su tun gida. Ga balbela, ga zalɓe yana tsaye kamar an kafa shi, yana jiran kifi. Ga kirinjijiya suna tashi da fito. Ga dinya, babbar agwagwar daji. Ga wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana tafiya bisa ganyen bado, bai nutse ba. Ku dubi kwasakwasa da jakarsa ƙarƙashin baki. Su taron dangi suke yi wa kifi: su jeru, su kora shi wuri marar zurfi, sannan su tsoma baki tare. In da rabo mu ga gauraki da tukkunsu mai ruwan zinariya. Sun yi ƙaranci ƙwarai, saboda kama su da ake yi ana sayarwa a gidajen masu hali.

Akwai kuma baƙi. Da ɗari, dubban dubban agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suna sauka a tabkin. Daga Turai da Rasha suke. Can sanyi yana daskarar da ruwa, abinci ya ɓace. Sai su ƙetare teku, su ƙetare Sahara. In sun fito daga hamada, Tabkin Cadi yana cikin manyan ruwayen da suke fara iskewa. Su yi watanni suna kiwo, da bazara su koma gida su yi ƙwai. Ku ce ƴan ci-rani ne.

Yaya aka yi aka sani? Masu binciken tsuntsaye sukan kama tsuntsu, su sa masa ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, su sake shi. A jikin zoben akwai lamba da sunan gari. In wani ya ga zoben a wuri mai nisa ya ba da labari, sai a gane hanyar da tsuntsun ya bi. A da, in mutum ya tsinci irin wannan zobe, sai ya juya shi ya juya, ya jefa aljihu. Ku yanzu kuna iya karanta abin da ke jikinsa.

Dorina da kada

Da yawa cikinmu a hannun dogari muka san dorina, wato bulalar da ake yi da fatarta. Ita kanta ba mu san ta ba. Dabba ce ƙatuwa. Babban namiji yana iya wuce kilo 2,000. Da rana tana cikin ruwa, ba ka ganin kome sai kunnuwa, idanu da hanci. Takan nutse wajen minti 5 kafin ta ɗago ta yi huci. Da dare take fita tudu ta ci ciyawa, wajen kilo 40 kafin gari ya waye. Ba ta cin kifi. Kashinta ma taki ne ga ruwa, yana ƙara wa ƙananan kifaye abinci.

Amma kada ganin ƙibarta ya ruɗe ku. Dorina tana da fushi, tana kifar da jirgi. In ta wage baki ka ga haurenta, ba hamma take yi ba, gargaɗi ne. Wadda ta fi haɗari ita ce mai goyo. Mai jirgin da ya san aikinsa ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa. Yakan ƙwanƙwasa gefen jirgi don ta san ana tafe, ta ɗago a ga inda take, a ba ta hanya.

Kada kuma da hantsi yake fitowa bakin rairayi ya sha rana, baki buɗe. Daga nesa sai ka ce gungumen icce ne. Macen tana haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai, ta rufe, ta yi gadi wajen wata 3. In ƴaƴan sun ƙyanƙyashe, sai ta kwashe su cikin bakinta ta kai su ruwa. Bakin da ke karya ƙafar sa, shi ke ɗaukar jariri bai ji ciwo ba. Ikon Allah ke nan.

Cikin ciyawa mai duhu akwai wata dabba dangin mazo. Kofatonta dogo ne mai buɗewa, don kada ta nutse a taɓo. In ta ji tsoro sai ta shige ruwa, ta bar hanci kaɗai a waje. Ganinta sai mai haƙuri. Akwai karen ruwa, da guza, da mesa, da kififfiya.

Ƙarƙashin jirgi kuwa duniyar kifi ce: tarwaɗa, karfasa, bargi, kurungu, tsage, minjirya, da giwan ruwa wanda babbansa kan wuce kilo 100. Akwai gaiwa. Ita in ruwa ya ƙafe, sai ta shige taɓo ta naɗe, tana shaƙar iska kaɗan-kaɗan, ta yi watanni har ruwa ya komo.

Masu tsibiri

Can gaba za mu hangi wasu ƙahonni suna tafe bisa ruwa. Shanu ne ke iyo. Ana ce musu shanun Kuri. Galibinsu farare ne, ƙahonsu kumburarre kamar gora, amma ba shi da nauyi. In ciyawar tsibiri ta ƙare, sai su faɗa ruwa su ƙetare zuwa wani. Makiyayin yana biye da su, ya rungume wani icce marar nauyi da ba ya nutsewa.

Masu shanun nan su ake kira Buduma. Su kuwa Yedina suke ce wa kansu. Kakanninsu ne suka karɓi Overweg. Kiwo da kamun kifi su ne sana'arsu. A da suna ɗaure wata doguwar ciyawar ruwa dami-dami, su yi jirgi da ita, har su ɗauko kanwa a kansa. Gwanintarsu ta kai nesa. A 1969 wani mutumin ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauki magina jirgi daga Tabkin Cadi ya kai su Masar. Suka ɗaure masa babban jirgin ciyawa. Aka sa shi teku a Maroko, ya yi kusan wata 2 a kan ruwa, ya ci dubban kilomita kafin ya lalace.

Ba su kaɗai ke tabkin ba. Akwai Barebari, Kanembu, Larabawa da Fulani. Akwai Hausawa masunta da ƴan kasuwa da yawa. Kifin da ake kamawa ana banda shi da hayaƙi, a cika kwali, a kai kasuwannin Najeriya har kudu.

Ƙa'idodin mai kallo

1. Kada a cika jirgi fiye da ƙima. In da rigar ruwa, kowa ya sa.
2. A bi maganar mai jirgi. Shi ya san ruwa.
3. A yi shiru. Ban da ihu, ban da jifa, ban da miƙewa tsaye farat ɗaya.
4. Kada a matsa wa dabba. In ta daina kiwo tana kallonku, kun yi kusa da yawa.
5. Kada a ɗebi ƙwai, kada a taɓa sheƙa.
6. Ban da wanka a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. A kwana cikin gidan sauro.
7. Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa.

Ruwa ya tafi, ruwa ya komo

A 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Kamar a ce fili mai tsawon kilomita 250 da faɗin kilomita 100. Daga nan zuwa Maraɗi ma bai cika kilomita 250 ba. A lokacin ruwa yana bakin garin Ngigmi. A 1964 ƙasashen nan 4 suka kafa Hukumar Tabkin Cadi don su kula da shi tare.

Sai fari ya zo. Tsofaffinmu ba su manta da 1973 da 1974 ba, balle 1984. Ruwan Shari ya ragu ƙwarai. Tabkin ya rabu biyu, na kudu da na arewa. Na arewa, wato wanda muke ciki, ya sha ƙafewa ƙaf. A tsakiyar shekarun 1980, filin ruwan da ya rage bai kai kashi 1 cikin 10 na girmansa na da ba. Jiragen Ngigmi suka kwanta bisa busasshiyar ƙasa. Inda ake jefa koma aka koma shuka masara da wake.

Da hannun mutum ma a ciki. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, duka a jihar Kano. Suna da amfani ga noman rani da ruwan sha. Amma sun canza yadda ruwa ke gangarowa zuwa Komadugu. Abin da aka yi a Kano, sai ga shi mutumin Boso ya ji a jikinsa.

Tabkin bai mutu ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, ruwa yakan komo ɓangaren arewa a shekaru da yawa. Da ya komo, kifi ya komo, tsuntsaye suka komo. Su suna da saurin haihuwa, wasu kuma suna da fiffike. Manyan dabbobi fa? Dorina wata 8 take ɗaukar ciki, ta haifi ɗa guda. In fari da bindiga suka haɗu a kanta, kafin ta sake yawa sai an daɗe. Dorina da kada sun ragu ƙwarai a tabkin. Garken giwaye irin wanda Barth ya ƙirga kuwa, ba a ganinsa yau a ɓangaren Nijar.

Halin da ake ciki

Dole a faɗi gaskiya: tafiyar da muka yi cikin takarda ba ta yiwuwa yanzu a ƙafa. Tun watan Fabrairu na 2015, da ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, yankin bai samu cikakken kwanciyar hankali ba. A watan Afrilu na wannan shekara aka kai mummunan hari tsibirin Karamga. Bayan haka hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibiran. Mutane wajen 25,000 suka fito, da yawa a ƙasa, cikin zafin bazara, suka nufi Ngigmi da Boso. Sun baro shanu, sun baro jirage. An hana kamun kifi da cinikinsa, sai a 2019 aka ɗage hanin.

Har yau tsibiran ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Kada wani ya karanta wannan darasi ya ɗauki jaka. Wani rashin kuma shi ne, inda babu zaman lafiya, da wuya mai ƙirga tsuntsu ko dorina ya shiga. Waɗanda suka fi kowa sanin tabkin, wato masunta da makiyaya, da yawansu suna zaman gudun hijira. Saninsu yana cikin kansu. In tsoho ya rasu ba a rubuta ba, shi ke nan.

Namu aikin a nan gida

Yanzu mu komo kan Turawan nan biyu. Overweg shi ya shiga jirgi, shi ya fi ganin tsibirai. Amma kaɗan ne daga abin da ya gani ya iso gare mu. Barth ya rubuta a tsanake. Ga shi bayan shekara fiye da 170, mun san giwa nawa ya gani, da wata, da wuri. Ba don rubutun nan ba, wa zai yarda an taɓa yin giwaye a can? Gani ya kori ji, gaskiya ne. Amma ido yana mutuwa da mai shi, takarda kuwa tana saura.

Ba sai mun je Cadi ba. Mu ma muna da ruwa. Akwai wata yarjejeniya ta duniya don kare tabkuna da fadamu, wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An sa ɓangaren Nijar na Tabkin Cadi cikin jerinta a 2001. An sa tabkin Lasuri na ƙasar Damagaram a 2005. An sa na Gidimuni da na Madarunfa a 2019. Tsuntsayen ci-rani suna sauka a irin waɗannan wurare, har da ƙananan tabkunan bayan gari.

Saboda haka kowa ya ware shafi a kayensa. Da ɗari, in ka je bakin tabki, ka zauna shiru. Ka rubuta rana da wata da shekara. Ka rubuta sunan wurin. Ka rubuta abin da ka gani da yawansa: dinya 6, zalɓe 2, kirinjijiya wajen 40. Ka rubuta inda ruwa ya tsaya. In ba ka san sunan tsuntsu ba, ka faɗi launinsa da girmansa. In ka ga zobe a ƙafar mataccen tsuntsu, ka kwafi lambar ka kai wa ma'aikatan gandun daji. Ka kuma zauna da tsofaffi, maza da mata, ka tambaye su dabbobin da suka sani a da waɗanda babu su yanzu. Ka rubuta da hannu mai kyau, yadda jikanka zai iya karantawa.

In ajinmu ya yi haka shekara 5, za mu san ko tabkinmu ƙaruwa yake ko raguwa. Ran da za a yi shawara kan ruwa, ko kamun kifi, ko farauta, sai mu je da takarda a hannu, ba da "wai" ba.

Allah ya kawo zaman lafiya a Difa da duk yankin tabki. Allah ya mai da kowa gidansa. Amin.

Kalmomin da za a kwafa

tsibiri, tabki, dorina, kwasakwasa, kirinjijiya, madatsa, yarjejeniya, ƙyanƙyashe

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ne suka yi tarayya a Tabkin Cadi?
2. Me ya sa tabkin yake cika da ɗari, ba da damana ba?
3. Yaya tsibiran rairayi suka samu?
4. Yaya aka kawo jirgin Overweg daga Tarabulus?
5. In dorina ta wage baki, me take nufi?
6. Me ya sa kifi ya fi dorina saurin komowa bayan fari?
7. Me ya bambanta rubutun Barth da na Overweg?

Lissafi

1. Barth ya ƙirga giwaye a 1851. Shekara nawa ke nan zuwa bana?
2. Nawa ne kashi 1 cikin 10 na 25,000?
3. In dorina 1 tana cin ciyawa kilo 40 a dare, kilo nawa dorina 7 za su ci?

Aikin gida

Ka tambayi tsoho ko tsohuwa a unguwarku sunan dabba 3 da ake gani a da a kusa da garinku. Ka rubuta sunayen, da wurin, da abin da aka ce ya kore su. Ka kawo a karanta a aji.